Sandar Gwaggo da Bangon Tela

"Allura ce, Gwaggo! Wallahi na ji ta!"

Tela ne a ƙofar ɗakin Gwaggo mai saƙa, ƙafa ɗaya a sama, yana dariya har da ƙwalla. Ta ce oh ni, duniya ta zo ƙarshe, ƙato da gemu yana murnar taka allura. Amma ita ma daɗi ya cika ta.

Bango ɗaya ya raba gadonta da nasa, kuma tun rasuwar matarsa ita ke gadin numfashinsa. Minsharinsa kamar injin niƙa. In ya ja ya ja sai ya ɗauke ɗif, ita kuma ta rarumi sandarta ta yi ta dukan bango har ya shaƙe ya dawo. Ana haka ƙafafunsa suka fara, kamar tururuwa na yawo a tafin, daga baya suka mutu murus, ko abin taka keken ɗinki ba ya ji. Likita ya ce iskar da yake rasawa cikin barci ce ke galabaitar da ƙananan jijiyoyi, ya haɗa shi da na'ura mai hura masa iska ta hanci.

Minshari ya ɗauke, yatsu suka soma farfaɗowa. Gwaggo kuwa ta yi ta tashin bawan Allah a banza, sai da ya zo ya durƙusa gabanta.

"Gwaggo, ki huta da sandar nan. Yanzu shiru lafiya ce."

Da ƙyar hannunta ya koya.

Wata rana da tsakar rana gyangyaɗi ya sace ta, zare a cinya, labule yana kaɗawa. Can nesa ta ji tsohon minsharin, mai daɗi, kamar daga ƙetaren ruwa. Ta ga marigayiyar matar Tela tana shanya a tsakar gida, ta ga Tela yana tafiya ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, yana kallon ƙafafunsa. Sai ƙarar ta yanke. Hannunta ya lalubi sandar, har ya taɓa ta. Ta ce a ranta shiru lafiya ce, ta gyara kwanciya.

Da yamma 'yar Tela ta leƙa ɗakinsa, ta same shi ya cika. Ɗan kishingiɗa ya yi, shi ya sa bai saka na'urar ba. Tana kan tebur, ya naɗe bututunta tsaf.

Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, Gwaggo ta ce ta sani. Sanin bai rage mata komai ba.

Da gida ya watse ta zauna a bakin gado, sandar a hannu. Ta ƙwanƙwasa bangon a hankali, ta kara kunnenta, tana jira.