Saƙon da Kawu Meshak Bai Kai Jos Ba

Roseline Kumai tana aji biyar na sakandare lokacin da Malama Bernice, mai koyar da kimiyya, ta fara jan ta gefe bayan an tashi, tana koya mata karatun da ya fi ajinta. A shekarar 1975 ke nan, a wata makarantar 'yan mata da ke bayan Kafanchan. Sauran ɗalibai suna fama da shirin jarrabawar gama makaranta, ita kuwa ta ɗora wa kanta ta A-lebul a kai, wadda ke kai mutum jami'a kai tsaye. Malamai maza suka ce kanta zai fashe. Ta ce ai kan nata ne.

A Jos za a yi jarrabawar, kuma wanda ta wuce shi sai baɗi. Ana gab da ita, babanta, mai gyaran layin dogo, ya kwanta ciwo. Ta same shi a kwatas ɗin reluwe ya rame, ko kunu ba ya zama a cikinsa.

"Baba, na fasa tafiya."

"Ke likita ne?" in ji shi. "Je ki zama likita tukuna, sai ki dawo ki cika ni da surutu."

Ba ta yarda ba sai da ta tsare Kawu Meshak, ƙanen mamanta, wanda ke duba tikiti a jirgin Jos.

"Kawu, in jiki ya tsananta, ka gaya mini. Ko ina tsakiyar rubutu ne, zan ajiye biro in biyo ka."

"Na yi alkawari a gaban Ubangiji," in ji shi.

A gidan wani fasto ta sauka. Duk ranar da jirgi zai shigo, tana fitowa daga ɗakin jarrabawa sai tasha. Kawu Meshak yakan miƙo mata kwanon gwaten acca ɗaure a cikin ɗankwali.

"Mamanki ya ce ki cinye duka."

"Baba fa?"

"Da sauƙi. Yaya takarda?"

Wata rana iska ta ɗauke masa hula, sai ga kai ƙwal.

"Kawu! A wannan sanyi na Jos ka yi aski haka?"

"Kwarkwata, 'yata. Kin san kujerun jirgi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta koma ta ci gwatenta, ta buɗe littafi.

Ranar da ta gama takarda ta ƙarshe, ta shigo jirgi zuciyarta fes, don ta san ta yi abin kirki. Ta sauka a Kafanchan tana sauri, tana shirya yadda za ta ba Baba labarin kwaɗon da aka sa su feɗe. Da ta sha kwanar kwatas, sai ta ga matan Zumuntar coci zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansu. Ƙannenta suka fito, dukansu da kai a aske, askin makoki.

Tun ranar takardarta ta farko Baba ya rasu. An riga an kai shi ƙauyensu kusa da Zangon Kataf an binne.

Ta juya ta dubi Kawu Meshak, wanda ke riƙe da akwatinta.

"Ka kira sunan Ubangiji, Kawu."

"Dattawa sun hana ni," in ji shi, kansa a ƙasa.

Mama Lucy, shugabar Zumunta, ta taso ta dafa ta. "Ba a gaya wa mai tafiya mutuwa, 'yata, sai ƙafa ya taka gida. Haka mun tarar. Da kin ji, da wahalan ki duka ya zube."

"Wahalar tawa ce, Mama. Uban ma nawa ne. Wa ya ce ku zaɓa mini?"

Mamanta ce ta yi magana daga bakin ƙofa, muryarta a dishe.

"Duk jirgin da ya yi kuka, sai babanki ya tambaya ko na Jos ne."

Matan suka matso, suna jira ta faɗi su riƙe ta, kamar yadda ake yi. Ba ta ba su wannan ba. Ta tambayi inda motar Zangon Kataf ke lodi. Kawu Meshak ya ce zai raka ta, ta ce ya zauna.

Ita kaɗai ta je. Ruwa ya riga ya daki kabarin, jar ƙasar ta lafa, har ciyawa ta fara leƙowa. A nan ta yi kukanta, ba mai riƙe ta.

Ranar Litinin ta koma makaranta, don jarrabawar aji biyar tana nan tana jiran ta. Malama Bernice, wadda ba ta ji labari ba, ta tare ta a baranda da fara'a.

"To, yaya Jos?"

"Na amsa duka, Malama," in ji Roseline. Ta wuce aji, ta zauna a gaba.