Kujerar Iya Batulu a Kwamitin Ruwa

A Kwarbai aka haifi Radiya, amma ranar da ta shigo unguwar da katin aiki rataye a wuya sai ta ji kamar baƙuwa. Wannan ne aikinta na farko tun da ta gama jami'a. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ce ta haƙa rijiyoyin burtsatse a cikin birnin Zariya, bisa sharaɗin cewa rabin 'yan kwamitin kowace rijiya su zama mata. Yanzu an turo su, ita da Anti Mirabel, wata 'yar Wusasa da ta daɗe a wannan aiki, su duba ko matan suna da ta cewa da gaske. Abin da suka rubuta a rahoto, shi za a bi a sauran unguwanni.

A tsakar gidan Iya Batulu aka tara matan kwamitin. Iya Batulu kuwa kakar Radiya ce ta wajen uba.

"Tun da kakarki ce, ni zan yi tambaya," in ji Mirabel tun a zaure. "Ke ki riƙe waya ki ɗauki magana."

Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo kunun zaƙi. Mirabel ta tambaya ko suna jin daɗin zama a kwamiti.

"Alhamdu lillahi," in ji Iya. "Allah ya saka musu da alheri."

"Ana sauraronku in kun yi magana?"

"Ƙwarai kuwa. Mun gode."

"Babu wata matsala?"

"Wace matsala? Ruwa har ƙofar gida?"

Sauran matan suka gyaɗa kai. Mirabel ta juya tambayar ta nan, ta juya ta can, godiya dai take samu. Ta dubi Radiya ta ɗan ɗaga kafaɗa.

Radiya ta san wannan muryar. Da ita Iya take karɓar atamfar da ba ta yi mata ba, ta yi ta sa albarka, in mai kyautar ya fita ta cusa ta ƙasan akwati. A gidan nan ba a kushe abin da aka ba ka a gaban wanda ya ba ka. Kuma da safen nan, a hanyarsu ta shigowa, ta ga layin jarkoki a bakin rijiya, da 'yan mata cikin kayan makaranta suna jira, alhali rana ta riga ta ɗaga.

An ce wa Radiya ta yi shiru. Ta dai aje wayar a kan tabarma, ta kalli kakarta.

"Anti Mirabel, kada ki wahalar da kanki. Wannan tsohuwar ko ta je taron barci take yi."

Wata daga cikin matan ta rufe baki da mayafi. Mirabel ta zaro ido. Ba ta san cewa tsakanin jika da kaka babu abin da ba a faɗa ba.

"Ji min 'yar banza," in ji Iya. "Don an rataya miki kati kamar akuyar da za a kai kasuwa?"

"Akuyar dai ta fi ki zuwa taro. Gaya mana abu ɗaya da kika faɗa a can. Ko tari ne."

"Ni da ko gyangyaɗi ban taɓa yi a gaban mutane ba!"

"To da wa kika zauna kusa?"

"Zama a ina? A ƙofar masallaci, bayan isha'i, cikin maza? Ke dai ba ki da kunya, amma ni ina da ita. Yaron gidan nan, Umair, nake aikawa ya ce na yarda."

Iya ta kama bakinta, ta harari jikarta.

Asama'u, wadda ta fi su ƙuruciya, ita ce ta fara magana, kanta a ƙasa. Ta ce ba wadda ta taɓa zuwa a cikinsu. Malam Ɗahiru, shugaban kwamitin, mutumin kirki ne, kullum yana aiko musu da gaisuwa da abin da aka yanke. Mazan kwamitin ne suka yanke a riƙa buɗe famfo bayan sun karya kumallo, don lokacin ne mai riƙe da makulli yake samun sarari. 'Yarta kullum a makare take zuwa makaranta, har an fara yi mata bulala.

"Kun gaya masa?" in ji Mirabel.

"Ta yaya? A ce daga ba mu kujera mun fara ƙorafi?"

Iya ta miƙa hannu ta kife wayar. "Wannan maganar a nan za ta tsaya. Radiya, ki goge."

"Ba zan goge ba, Iya."

"In 'yan ƙungiyar suka ji, su ce mutanen Kwarbai ba su da godiya. Su kwashe kayansu su kai Tudun Jukun. Wa za a zaga? Ni. A ce jikar Batulu ce ta kai ƙarar unguwarsu wajen Turawa."

Radiya ta juya wajen Mirabel, tana fatan ta ce hakan ba zai faru ba. Mirabel ba ta ce ba.

"Mama, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji ta. "Rijiya kam ba mai cire ta. Amma ofis ba sa son irin wannan labari, sun riga sun gaya wa masu ba da tallafi cewa komai na tafiya daidai. Za su iya jin haushi. Za su iya cewa laifin unguwa ne."

"Kin ji ko?" Iya ta ce wa Radiya.

"Na ji." Radiya ta dubi kakarta. "In muka rubuta alhamdu lillahi, haka za su je Ƙofar Gayan su yi. Su rubuta sunayen mata, maza su zauna a ƙofar masallaci, yara su yi ta shan bulala. Ba laifin Malam Ɗahiru ba ne, ba wanda ya ce masa ga inda za a zauna. 'Yan ƙungiyar ne ba su tambaya ba. Yau sun tambaya, Iya. Ni suka aiko."

"Ke ɗin wa?"

"Ni ɗin dai. In ba ki yarda a sa muryarki ba, ba zan sa ba, hakkinki ne. Amma abin da na gani da idona a bakin rijiya zan rubuta, da sunana a ƙasa."

Iya ta ja tsaki, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Da sunanki. Wa ya san ki? Su ce yarinya ce, ba ta san komai ba." Ta juya wajen Asama'u. "Ke, in an dawo da taron nan tsakar gida bayan la'asar, mazan su tsaya a zaure, za ki iya buɗe baki?"

"Zan iya, Iya."

"To." Ta tura wayar da ɗan yatsa zuwa gaban Mirabel. "Ke 'yar Wusasa, ke za ki yi tambayar, ba wannan marar kunyar ba. Ki fara rubuta cewa mun gode, kada ki bar wannan. Sannan ki sake tambayata daga farko."

Mirabel ta gyara zama. Radiya ta ɗauki wayar, ta goge ƙurar tabarma da gefen hijabinta, ta matsar da ita kusa da bakin kakarta.