Jaka Mai Ɗakuna

Tun da Lukman ya fara sana'ar hoto a Rano, a tsohuwar jakar makaranta yake yawo da kyamararsa, ya naɗe ta da zanin matarsa Saude don kada ta bugu. Abin bai taɓa damunsa ba sai da aka kira shi aiki Durba.

Malam Halliru ne zai yi walimar saukar ɗalibansa. Duk ƙasar Kibiya an san Malam da abu biyu, karatu da ɗaure fuska, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto da son ransa ba. Bana da 'yarsa Afra'u cikin masu saukar, iyaye mata suka matsa masa lamba, ya ce ya amince da hoto guda ɗaya tak, shi da ɗaliban, da zarar an shafa fatiha. Duk wanda ya ɗauki wannan hoton, kasuwar sauka da suna ta yankin ta zama tasa. Lukman aka kira, amma ya san Mujahid mai hoton Kibiya ya kasa kunne yana jiran ya makara.

Aiki irin wannan ba a je masa da zanin mace. Ana gobe walima ya faɗa kasuwa rumfar Munzali mai jakunkunan gwanjo, ya ce a fito masa da jakar manyan masu hoto.

Munzali ya fara miƙo wata 'yar ƙarama ta ratayawa, iyakarta kyamara da batir. Lukman ya juya ta ya ce wannan ai zabirar wanzami ce, in ya shiga gari da ita sai a fara kawo masa yara aski. Aka kawo wani akwatin roba mai tauri, ya ce da shi da mai allurar shanu ba za a bambance su ba. Sai Munzali ya hau benci ya sauko da wata baƙar jakar goyo, ƙatuwa, ya ja zif ya wangale ta. Cikinta ɗakuna ne ɗakuna, kowane an kewaye shi da soso mai laushi, ga aljihu nan ta ko'ina.

"Wannan ko a rafi ka faɗa da ita," in ji Munzali, "kai ne za ka jiƙe, ita ko ɗigo ba zai shiga ba."

Lukman ya goya ta, ya leƙa madubin babur ɗin wani, ya ga mutumin da ya daɗe yana son zama. Bai ko tsaya dogon ciniki ba.

Da ya kai ta gida Saude ta zura hannu ɗaki bayan ɗaki tana jinjina kai, ta ce in ita ce, a cikin buhu za ta fita da ita, kada kowa ya gani. Lukman ya ɗauka hassada ce don an sallami zaninta daga aiki. Ya jera kayansa, kyamara a babban ɗaki, dogon gilashin kyamara a nasa, filasha, batura, caja, har da sauran ɗakuna fanko.

Da safe ya shiga yi wa mahaifiyarsa Hajiya Barakatu sallama. Idonta bai sauka a kansa ba, a kan jakar ya sauka. Ta ce ashe ta Kibiya zai bi, to ga ɗan saƙo ya kai wa Inna Suwaiba, mahaifiyar Saude. Ɗan saƙon ya zama ƙullin daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa. Ya fara bayanin cewa jakar ta kayan aiki ce, Hajiya ta tambaye shi a hankali, jakar ce ta ce ba za ta ɗauka ba, ko shi? Ya ja zif.

Kafin ya tayar da babur labari ya zaga layinsu cewa Lukman zai tafi Kibiya da jaka mai ɗakuna. Mai garin kunu ta fito, mai ɗinkin jariri ta fito. A garinsu ba a mayar da saƙo, sai dai matafiyi ya rage nasa kayan. Filasha ta koma aljihun riga, batura suka koma aljihun wando.

Ya isa Kibiya yana ƙamshin miya. Ya rarraba saƙonni a guje, ya ƙare da gidan surukarsa, ya tuɓe takalmi tun daga soro, ya durƙusa kansa a ƙasa. Da ya zazzage daddawar ya ga babu sauran saƙon kowa a jakarsa, sai ya ji sanyi a ransa. Bai lura Inna Suwaiba ta matso tana danna soson da yatsa ba.

Ta ce Allah ne ya kawo shi. Ƙwan zabi ne ta tara wa ƙanwarta Rukayya, uwargidan Malam Halliru, za a sa wa kaza ta kwanta a kai, amma ta rasa mai kai mata, don ƙwan ƙyanƙyasa in ya girgizu ya lalace. Ga shi Turawa sun yi jakar ƙwai musamman.

Mutum ba ya musu da surukarsa, ko idonta ba ya kallo. Lukman yana durƙushe yana cewa "to, Inna" aka cika ƙananan ɗakunan da ƙwai. Yana cewa "to, Inna" aka zare dogon gilashi aka sa kwalbar man shanu a gurbinsa, ta zauna daram kamar an auna. Da ƙwai ya yi saura, Inna ta dubi kyamarar ta ce, "Ɗan nan, wannan abin ba igiya gare shi ba? Rataya shi mana."

Haka ya fito daga Kibiya, kyamara a wuya, gilashi cikin hula a tsakanin cinyoyi, aljihuna sun kumbura, ƙwai kuwa na kwance a baya cikin soso kamar amarya a mota.

Bai yi nisa ba hadari ya haɗo. Ya tsaya ya cusa kyamarar a leda ya tura ta ƙarƙashin riga, ruwa ya tsuge. Yana tafe a hankali saboda ƙwai, yana kauce wa kowane rami, sai ya ji ham a bayansa. Mujahid ne ya wuce shi fiu, da 'yar ƙaramar jakarsa irin zabirar nan a hammata, har da ɗaga masa hannu.

Nan Lukman ya manta da kaza da abin da za ta kwanta a kai. Ya murɗa. Babur ya dinga tsalle kan kunyoyin da ruwa ya yanka a hanya, gero da dawa na wucewa ta gefe. Ya hango rufin kwanon makarantar Malam ke nan ƙafar baya ta shiga taɓo ta zame. A ɗan tsakanin da yake sama, ya gane faɗuwa biyu ce a gabansa: ta ciki, kan kyamara, ko ta baya, kan amanar Inna. Ya rungume ƙirjinsa ya juya.

Ƙarar da ya ji a bayansa ba mai ƙarfi ba ce, amma ta daɗe tana yi.

Ruwa ya ɗauke lokacin da ya shigo filin walima yana ɗingishi, laka tun daga ƙeya har dunduniya. Mujahid ya riga ya jera ɗalibai sahu-sahu da allunansu, Afra'u da 'yan'uwanta mata a gefe, Malam a tsakiya kan kujera fuska kamar an aiko masa da sammaci. Malam ya ce mutumin Rano aka yi wa alkawari, za a jira shi zuwa fatiha, ga shi kuma hannaye sun riga sun tashi. Ana shafawa Lukman ya zube a gabansa.

Mai saƙo ba ya fara nasa sai ya sauke na mutane. Ya gaishe da Malam, ya ce Inna Suwaiba tana gaida Hajiya Rukayya, ga ƙwai ta ce a sa wa kaza. Ya sauke jakar ya ja zif.

Munzali bai yi ƙarya ba. Ko ɗigo bai shiga ba, ko ɗigo bai fita ba. Ƙwai da man shanu sun kaɗu sun haɗe, sun cika ɗakunan taf, ɓawo na yawo a sama.

Malam ya sunkuyo ya daɗe yana kallo. Gemunsa ya fara rawa.

"Kaza dai ta huta," ya ce. "A kira mai kasko."

Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta shekara da shekaru a ɗaure, har rawaninsa ya karkace. Ɗalibai da ba su taɓa ganin haƙoransa ba suka tuntsire a bayansa. Lukman na durƙushe ya zaro kyamara daga leda, ya ja da baya da gwiwa, ya danna.

Malam ya haɗe rai nan take, ya ce a nuna masa. Ya ƙura wa hoton ido. Mujahid ya matso da ladabi ya ce ai wannan bai yi kama da na malamai ba, a bari ya ɗauki na kirki. Malam ya ce hoto guda ya faɗa, kuma an yi. Ya miƙa wa Lukman kyamararsa, ya rage murya ya ce a wanke masa babba, wanda za a iya ratayewa.

Lukman ya yi godiya, ya ja wani dattijo gefe, ya tambaye shi ko akwai hanyar komawa Rano da ba ta bi ta Kibiya ba.