Ƙibar Matar Tela

Tela bai yarda da kowa ba kamar yadda ya yarda da tef ɗinsa na awo. Mutum zai yi ƙarya, in ji shi, madubi ma zai yi, amma ban da tef. To, wannan tef ɗin ne ya gaya masa ƙugun matarsa yana ƙaruwa, shi kuwa ya dinga washe baki kamar an yi masa albishir.

Kada a yi saurin ganin laifinsa. Bara aka gano tana da kansar ƙwan mace. Aka yi mata aiki, aka bi da ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, har ta koma kamar tsinken tsintsiya. Duk kayanta sai da ya rage su da hannunsa, yana taka keke yana haɗiye kuka. Da magani ya ƙare likita ya ce cutar ta lafa, amma irinta takan dawo, don haka su riƙa zuwa, kuma da sun ga wani canji a jikinta kada su jira ranar da aka ba su.

A ranar ne wata ƙaramar likita mai bincike ta zaunar da su. Ta ce ƙwayoyin jiki suna zubar da wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni a cikin jini, sunansu maikro-RNA, kuma ana fata wata rana a riƙa gane dawowar cutar daga gare su tun kafin ta nuna kanta. Shin za su yarda a riƙa ɗiban ƙarin kwalba ɗaya ta jininta duk zuwa? Ta yi bayani mai tsawo, ba ta rage komai ba. Amma mai tsoro abin da zai kwantar masa da hankali kawai yake tsinta. Abin da Tela ya tafi da shi gida shi ne an sa wa jinin matarsa mai gadi, in da matsala za a bugo waya.

Waya kuwa ba ta yi ƙara ba.

Don haka da siket ya fara matse ta, sai ya farke ɗinkin ya saki. Ya sake matsewa, ya ƙara ƙyalle a gefe. "Gimbiya, ki ji tsoron Allah," yake tsokanarta da almakashi a hannu. "Yadin shagon nan kaf za ki cinye?" Ita sai ta yi murmushi ta ɗaga hannuwa ya zagaya tef. Bai tsaya ya lura cewa wuyan rigar yana nan yadda ya rage shi ba, hannun ma har lilo yake yi. Cokali kaɗan take ci ta ture kwano. Da 'yarsu ta ce, "Baba, cikin Mama fa ni bai yi min ba," sai ya ce da akwai wani abu da tuni asibiti sun kira, ai ba don ado suke ɗiban jinin ba.

Ranar komawa asibiti ta zo, likita ya danna cikin, fuskarsa ta canja. Aka tura su hoto. Ba ƙiba ba ce, ruwa ne ya taru, cutar ta dawo ta bazu.

Tela ya bar matarsa a kan benci, ya bi dogon baranda har ofishin mai binciken. Ɗan ɗaki ne, tebur ɗaya, sai wata ƙatuwar firiza a kusurwa tana gurnani.

"Likita, me ya sa ba ku kira mu ba?"

"Kira na me, Baba?"

"Jinin da kuke ɗiba. Bai nuna muku ba ne?"

Ta ajiye biro a hankali. "Baba, ba a buɗe shi ba. Yana nan a daskare tare da na sauran mata. Sai an gama tarawa za a auna su gaba ɗaya."

Ya juya ya kalli firizar. "Nata yana ciki? Yanzu haka?"

"Yana ciki."

"To ki ciro, don girman Allah. Nata kawai. Ki duba ki gaya min ko za ta tashi."

"Ko na ciro, ban iya karanta shi ba tukuna. Babu wanda ya iya. Abin da muke ƙoƙarin koya ke nan. Sai mun ga yadda ta kasance da kowace mace, sannan mu koma mu duba abin da jininta ya ce tun farko."

"Yadda ta kasance," ya maimaita. Ya gane sarai. Ya so ya yi faɗa, ya ɗaga murya, amma da wa? Yarinyar nan ba ta yi masa ƙarya ba, ga idonta ma ya ciko. Bai taɓa jin kansa ba shi da amfani irin na wannan lokacin ba.

Ya koma ya tarar da matarsa ta jingina da bango, jakarta a kan cinya. Ya zauna a gefenta, ya kasa kallonta.

"Ni na cuce ki," ya ce. "Ina ta sakin ɗinki ina dariya, ashe..."

"Maigida."

"Da na kawo ki tun siket na farko."

"Maigida, ka ji ni." Ta dafa gwiwarsa, hannun babu nauyi ko kaɗan. "Ni fa na san ba ƙiba ba ce. Jikina ne, ya za a yi in kasa sani?"

Ya ɗago da sauri. "Kin sani? Kika yi shiru?"

"Shekara guda ban ji dariyarka ba," ta ce. "Da ta dawo, sai na kasa katse ta."