Notin Sama Tukuna

Lahadi. An yi yayyafi da safe ya ɗauke, gari ya yi luf, ba rana ba sanyi.

...kuma man ya yi ɗumi daidai, abin da ake so ke nan. Zagaye biyu ya yi da motar a unguwa kafin ya ɗaga ta a jak ya kafa mata tsayayyun ƙarafa, don mai in da sanyi ba ya fita, sai ya yi ta jan jiki. Yanzu ga shi kwance a kan kwali, ƙarƙashin jar motarsa mai kujera biyu, wadda ta girmi 'yarsa Auta da shekara tara. Siminti da sanyi. Bayansa yana so. Nan kaɗai ne ba mai leƙowa ya tambaye shi ko ya sha magani.

Aksul ɗin baya — ƙullutun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyi biyu, mai raba musu ƙarfi in an sha kwana. Wa ke tunawa da shi? Kowa inji, kowa fenti. Shi yana can ƙasa yana taunar haƙoransa shiru. Noti biyu gare shi, na ƙasa na zubar da tsohon mai, na sama na ɗura sabo. Aikin ke nan duka.

Sifana ta kama. Ja ɗaya, notin ƙasa ya saki. Mai yana tsiyaya cikin kwano, baƙi ƙirin, da kauri, da warin nan nasa na ruɓaɓɓen ƙwai. Uwar yaran tun daga bakin ƙofa take gane ranar man aksul ce... "Tuɓe rigar nan a waje, malam, ba a ɗakina ba." Shekara shida ke nan da rasuwarta, ba mai korarsa. Har yau a waje yake tuɓewa.

Yana juya notin a tafin hannu. Akwai mayen ƙarfe a bakinsa, duk abin da haƙoran suka zubar nan yake maƙalewa. Ya shafa da ɗan yatsa. Laushi, kamar toka. Ba tsini, ba gutsure. Lafiyarki lau, tsohuwa. Ke da aka samo a bayan gidan wani, tayoyi a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar direba — ƙwai uku, yana tunawa, ya mayar wa matar gidan kayanta. Shekara huɗu yana haɗa ta. Ranar da ta fara tashi, karen maƙwabci ya gudu bai dawo ba sai da yamma.

Ɗigon ƙarshe. To. Ya mayar da noti, ya ɗaure. Sai sabon mai. Hannu ya miƙa sama yana lalubar ramin ɗurawa...

Noti yana nan. A rufe. Dattin da ke kewaye da shi ko tsagewa bai yi ba.

Bai buɗe ba?

Bai buɗe ba.

"Sama tukuna, kai ɗan banza!" Mai Guduma ke nan, maigidansa na gareji, da tafin hannu kamar faranti, ya daɗe a kabari amma ƙeyar nan ba ta manta ba. Sama tukuna. In ka zubar da mai, na saman ya ƙi buɗuwa, ta ina za ka ɗura? Mota ta zama gawa a kan ƙarafa, ba gaba ba baya. Shekara hamsin da wani abu. Mutum nawa shi ma ya mara a kan wannan? Yau wasunsu da garejinsu da tumbinsu, suna marin wasu. Ko cikin barci aka tashe shi...

A'a. Ba komai. Zai buɗe.

Sifana. Ja. Ko gezau. Ya zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi, ya tokare ƙafa da bango, ya ja har kafaɗa ta yi ƙara. Tsatsa ta riƙe. Bara wa ya ɗaure shi haka? Shi ne mana, wa kuma. In ya ƙara ja kan notin zai cinye, daga nan sai walda.

Ya sauke hannu. Yana numfashi.

Mantuwar nan, tukunyar shayi ce ta fara, wadda ta ƙone ƙurmus a kan wuta yana zaune a gefenta. Wannan kowa yana yi. Sai shataletalen nan, wata uku da suka wuce, yana dawowa daga kasuwa — hanyar da ya bi sau dubu — ya zagaya, ya sake zagayawa, ba hanya ɗaya da ta ce masa ni ce ta gida. Ya faka. Minti goma? Ta dawo masa da kanta, kamar ba ta taɓa tafiya ba. Bai gaya wa kowa ba. Mai shagon taya ne ya gan shi, bakinsa ba ya riƙe ruwa. Auta ta zauna a gabansa da maganar likita, wai a duba kai, wai a daina tuƙi tukuna. A duba kai! Kamar inji ne da za a ɗaga murfi. Shi ne ya ce mata, da bakinsa, ba wanda ya matsa masa: "Ranar da na yi kuskure a ƙarƙashin mota, ni zan miƙa miki makulli, ki kai ni inda kike so." Ya faɗa ne don ya san ranar ba za ta zo ba.

Silifas biyu sun tsaya a gefen taya. Kofi ya sauka a siminti.

"Baba, da rai ko a kira mutane?"

"Ajiye shayin."

"Na ajiye. Wannan warin har kicin. An buɗe na saman tukuna?" Da muryarsa take faɗa, tana kumbura ta, yadda take yi tun tana 'yar shekara bakwai tana riƙe masa fitila.

Ɗigon ruwa daga indararo.

"Yana gardama," ya ce. "Tsufa."

"Shi kaɗai?"

"Tafi ki ba ni wuri."

Ta yi dariya. Amma silifas ɗin ba su tafi nan take ba. Suna fuskantar kwanon, cike da baƙin mai. Ta gani? Yarinyar nan ta san abin da cikakken kwano yake nufi in na sama yana gardama, shi ya koya mata. Yatsun ƙafarta sun motsa — irin na uwarta sak, babban ya karkace — sannan suka juya. Ƙofa. Da ma ta yi magana.

Man birki. Ya ɗiga a kewayen notin, ya ɗan bubbuga da ƙaramar guduma, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ya sake ɗigawa. A bar shi ya kwana yana sha. Ƙarfe ba ya son gaggawa, gobe zai saki, ya san zai saki.

To in ya saki fa? An ɗura mai, an sauke mota, magana ta mutu. Wa ya gani? Noti ne ya yi tsatsa, ko ta sama aka fara haka zai yi. Ba abin da ya lalace. Kuskuren da bai ɓata komai ba, kuskure ne? Da wani ne ya zo masa da wannan zancen a gareji... hm. Da ya sha mari biyu, ɗaya na notin, ɗaya na bakin.

Abin mamaki, ba tsoro yake ji ba. Daɗi ma yake ji a nan. Haske yana shigowa ta ƙarƙashin bamba, ƙasa tana ƙamshin ruwa, cikin motar nan tsaf, kowane ƙarfe ya san hannunsa. Ya tuna ɗumama mai. Ya tuna ƙarafan tsaro. Ya tuna ƙwai uku na shekara talatin. Abu ɗaya ne ya zame, ɗan ƙarami, wanda ke gaban sauran — ya zame ba ƙara, ba sallama. Yau noti. Gobe me? Ƙarafan da ke riƙe da motar a kan ƙirjinsa? Birki, da yaran makaranta a bakin titi? Ta yaya mutum zai san abin da ya manta, tunda ya manta...

Shayi ya yi sanyi. Ya sha a kwance, rabi ya bi ta gefen baki. Fita ma aiki ne. Bari ya ɗan ƙara kwanciya.

Da safe notin ya saki a ja na biyu. Ya zura tiyo, ya matsa gora har sabon mai ya dawo ta bakin ramin, ya sa ƙaramin yatsa ya tabbatar, ya ɗaure — ba da ƙarfi sosai ba wannan karon. Ya sauke motar. Ya wanke hannu sau uku, ya sa farar riga da takalmin fita. Ya zura makulli a mazauninsa, ya tsaya jim, sannan ya zagaya ta gaba ya buɗe ɗaya ƙofar. Kujerar fasinja tana da tauri, ba ta san jikinsa ba. Ya miƙa hannu ya danna hon sau biyu.

Auta ta fito tana goge hannu. Ta dubi rigar, ta dubi inda yake zaune.

"Kulocin da nauyi," ya ce, yana kallon gaba. "A hankali za ki saki."