Kawuna Shida a Allon Mai Kitso

Fensir ya kai daidai inda ido zai zauna, sai ya tsaya cak. Mai Zane ya girgiza hannu, ya goge tabarau da gefen riga, ya sake sunkuyawa kan takardar. Ya riga ya zagaye kai, ya ɗora ɗankwali, har kunne ya fitar. Fuskar ce ta ƙi zuwa.

Autarsa ce ta jawo masa aikin. Jiya ta leƙo shagon da tsohon cikinta, tana nishi, ta ce, "Baba, tunda ambaliya ta cinye mana hotuna, ka zana mini Mama mana. Ina so abin da zan haifa ya tashi yana ganinta a bango."

"Wannan ai kamar shan ruwa ne," in ji shi. "Gobe ki zo ki karɓa."

To ga goben ta zo. Mutumin da ya ci abinci da buroshi tun yana saurayi, wanda ya taɓa zana zakara a ƙofar mai kaji har karen unguwa ya yini yana masa haushi, yau ya rufe ido yana laluben matar da ya yi rabin rayuwarsa da ita. Ya ga hannunta mai tabon ƙuna. Ya ji gyaran muryar da take yi kafin ta fara mita. Amma tsakanin goshi da haɓa, wayam, babu komai.

Ya saƙala fensirin a bayan kunne. Haka mahaifinsa ya fara: yau ya manta inda ya ajiye takalmi, gobe ya manta hanyar gida, ƙarshenta ya riƙa kallon ɗan cikinsa yana cewa, "Bawan Allah, wa kake nema?"

"Kai, gajiya ce kawai," ya faɗa da ƙarfi, alhali babu kowa a shagon.

Sai wani abu ya faɗo masa. A zamanin da masu kitso ke rububinsa ya zana musu allon talla, ya taɓa yi wa wata allo mai kawuna shida, kowane da irin kitsonsa, kuma don tsokana ya saka fuskar matarsa a ɗaya. Ranar ya sha faɗa. "Ka rataye ni a titi kamar tallar sabulu!" Muryar na nan raɗau a kunnensa. In allon yana nan, to ita ma tana nan. Ko ƙofar shagon bai tsaya kullewa da kyau ba.

A cikin bas, kwandasta ya taɓa kafaɗarsa. "Baba, ina za ka sauka?"

Ya buɗe baki, sunan wurin ya maƙale. Wurin da ya je ya fi a ƙirga! Fasinjoji suka juyo suna kallonsa, wata mata ta ja jakarta jikinta.

"Gaba kaɗan," ya ce. "Wajen... gaba dai."

Ya sauka inda idonsa ya ɗan saba da shi, ya bi layin shaguna yana duba sama. Duk allunansa an kwashe. Ko'ina ledar talla ce ta inji, mai sheƙi, da fuskokin matan da ba su taɓa taka garin ba. Ya wuce shagon bai sani ba, ya dawo ya sake wucewa, sai da aka ƙwala masa kira.

"Baba Mai Zane! Yau kai ne a layinmu? Lallai za a yi ruwa da ƙanƙara."

Mai kitson ce, ta yi ƙiba, tsinken tsaga a soke a gashinta, kan wata mata a tsakanin gwiwoyinta. Ya gane ta nan take, har ya ji haushin hakan: ya gane mai kitso, ya kasa tuno fuskar matarsa.

"Uwar ɗakina, allon nan da na yi miki. Kin ƙona?"

"In ƙona aikinka? Yana baya, na tare tagar ɗakin ajiya da shi. Me ya faru, ka ga yadda kake haki kuwa?"

"Babu komai. Marmari ne."

Ta ba mai zaman kitson haƙuri, ta shige, ya ji tana ture bokitai. Ta fito da allon tana kaɗe masa yanar gizo da tsumma, ta jingine shi a bango inda haske yake. Gefensa ya ci ruwa, rubutun sama ya koɗe, amma kawunan na nan, shida reras.

Ya matsa kusa. Ya fara daga dama, ya tsaya a kan kowace, yana jiran ƙirjinsa ya ce masa ga ta. Ya kai ƙarshe. Ya dawo daga hagu. Mata shida suna masa murmushi, shi kuwa kamar ya shiga ɗakin jiran asibiti.

Bai iya tambaya kai tsaye ba. Ya ƙaƙalo dariya ya ce, "Bari in gwada ki, in ga ko kin tsufa. Wacece marigayiya a ciki?"

Mai kitso ta tuntsire da dariya har da tafa hannu. "Ji Baba da wasa! Wacece kuma? Ai duk ita ce. Fuska ɗaya ka yi musu, kitson kawai ka sauya. Masu zuwa nan har tsiya suke mini, wai na ɗauki 'yan shida aiki. Mu dai mun ce mutumin nan so ya rufe masa ido, ko akuya aka ba shi ya zana, da wushiryar matarsa za ta fito."

Ya sake dubawa. Gaskiyarta. Wushirya ɗaya, ƙananan idanu iri ɗaya, gira ɗaya ta ɗan fi ɗaya tashi. Shi da ya ɗauka sau ɗaya ya saka ta, ashe hannunsa bai iya wata fuskar ba. Ga ta har sau shida a gabansa, kuma ko gezau zuciyarsa ba ta yi ba.

"Kyakkyawa ce," ya ce a hankali, yadda ake yaba amaryar maƙwabci.

Dariyar mai kitso ta ɗauke. Ta dube shi, ta dubi allon, ta sake dubansa. "Baba..."

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Auta ce.

"Baba, na zo shago ba ka nan, ga ƙofa a buɗe. An gama Mama?"

"Saura kaɗan, 'yar albarka. Koma gida ki huta, zan kawo miki da kaina."

Ya kashe wayar. "Uwar ɗakina, ara mini kujera da farar takarda. Kuma don Allah, in yarinyar nan ta biyo ta nan, ba ki gan ni ba."

Ta jawo masa kujera, ta yago bayan kalanda ta miƙa masa. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya zauna gaban kai na farko, ya fara kwafa. Yana ɗaga kai yana sunkuyawa, yana auna tazarar ido da hanci da babban yatsa, yadda yake yi idan wani baƙo ya kawo masa hoton mamacinsa.