Dodo a Fadama

Ciwon suga ya cinye idon Yaya cikin shekara biyu, daga nan ni na zama idonsa. Ni ke karanta masa takardun asibiti, ni ke ware masa maganin safe da na yamma, ni ke raɗa masa sunan wanda ya shigo kafin ya amsa gaisuwa. Bai taɓa ce min "ka tabbata?" ba. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran agogo, wanda ko 'yar ƙusa ce sai ya ɗora mata gilashi kafin ya yarda da ita, shi ne ya sakar min ragama haka. Abin yana min daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kullum da hantsi nakan ɗauko shi zuwa shagona na ɗinki. Shagon bai fi a juya ba: kekuna biyu, teburin yanka, sai benci a jikin bango inda yake zama yana sauraron ƙarar keke yana min tsiya. A ƙarshen teburin yankan muke shimfiɗa allon wasansa, wani tsohon kwali mai zanen ƙasar da babu ita a duniya, da kogi da gada ɗaya da fadama da ganuwa biyu. Kowane ɓangare yana da maharba, da mahaya, da boka guda, da dodo mai fuka-fuki. Wanda ya fasa ganuwar ɗan'uwansa ya ci. Kowane gida a allon yana da harafi da lamba, saboda haka Yaya yana riƙe da shi duka a ka.

Da can shi ne gwanin wasan nan a layin masu gyara. Abokan wasan sun watse, ni kuwa ko kaza ta fi ni dabara a wannan harka. 'Yarsa, wadda muke kira Nas saboda aikinta, ita ta sa mana manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira a wayata, ta rubuta mata dokokin wasan gaba ɗaya. Yaya ya raɗa wa abokin karawar tasa suna Ɗan Waya.

Tsarin ba wuya. Yaya ya faɗi inda zai kai jarumansa, in matsa su, in rubuta wa Ɗan Waya. Shi kuma ya rubuto nasa, in karanta da ƙarfi, in matsa masa. Su biyun babu mai ganin allon sai ni.

Sau goma sha ɗaya a jere Ɗan Waya ya fasa masa ganuwa. Da farko Yaya dariya yake, yana cewa yaron nan ba shi da kunya. Daga baya dariyar ta ɗauke. Ranar ta goma sha ɗayan ya dafa sandarsa ya ce, "Auta, ashe ba idon kaɗai ya tafi ba, har da kan."

Maganar ta tsaya min a rai har washegari.

Da muka kafa sabon wasa, Yaya ya tara mahayansa a bakin gada. Ɗan Waya ya rubuto cewa ya sauke dodonsa a kan gadar. Ko ni da ba na gane komai na ga an gama da Yaya. Na dubi fuskarsa, ya karkato kunne yana jira. Sai na ji bakina ya ce, "Ya kai dodonsa fadama."

"Fadama?" Yaya ya gyara zama. "Me ya kai shi can?"

"Oho masa."

Na ajiye dodon a fadamar, inda dokar wasa ta ce sai ya yi zagaye biyu kafin ya fita. Sannan na rubuta wa Ɗan Waya cewa ya ruɗe, dodonsa a fadama yake. Na ɗauka zai yi gardama. Sai ya rubuto: "Ka yi haƙuri, kuskurena ne. Kai kake ganin allon, na karɓi gyaranka."

Na ji wani iri, amma da Yaya ya fasa ganuwa ya buga sanda a ƙasa yana kiran mai shayin gefenmu ya zo ya ji labari, sai na ce wa kaina ai alheri na yi.

Ƙarya kuwa ba ta zama ita kaɗai. Mako uku ina yi. Yau in ɓatar da maharba biyu, gobe in mayar da boka baya. Kowane lokaci Ɗan Waya sai ya ba ni haƙuri, har na daina karanta haƙurin, ina tsallake shi da babban yatsa. Na ma ƙware: nakan bar Yaya ya faɗi sau ɗaya a cikin huɗu don kada abin ya yi yawa. Ya dawo da cin abinci, ya dawo da tsiyarsa. Idan mai kaya ya zo na ce masa jibi, Yaya sai ya ce, "Jibin tela ne fa, ka ƙara mako."

Ranar wata Laraba Nas ta biyo ta shagon daga aiki, da farar rigarta a jaka. Ta tarar ina fama da wuyan wata riga, Yaya na jirana da wasa a tsakiya.

"Baffa, ai wahala kake sha a banza," in ji ta. "Abin nan yana magana. Kawo in kunna masa murya, Baba ya riƙa yi da shi baki da baki, kai sai dai ka matsa musu kawai."

Na ce, "Bar shi, ba wata wahala."

"Kawo mana."

Na ce caji ya kusa ƙarewa. Ta nuna min wayar a jone da wuta. Rana dubu ta ɓarawo. Na miƙa mata.

Ta danna abin da za ta danna, ta ajiye wayar a gaban mahaifinta. Yaya ya yi gyaran murya kamar zai gaisa da suruki.

"Ɗan Waya, yau dai ga ni ga ka. Tambaya gare ni. Kai da ka san kan wasa, me ya sa kwanan nan kake ta jefa dodonka a fadama? Sau uku ke nan."

Muryar ta fito a natse, irin ta mai karanta labarai. "Ni ban zaɓi fadama ba. A cikin hirar nan sau uku ina sa dodona a kan gada, sai a rubuto min cewa na ruɗe, yana fadama. Tunda ba na ganin allon, nakan karɓi gyaran. Idan akwai inda na fahimta ba daidai ba, ka yi haƙuri."

Ƙafata tana kan keke amma ta ƙi motsi. Nas ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta shiga naɗe wani ƙyalle da ba ya bukatar naɗi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina da shekara hamsin da biyu, ga furfura, an kama ni ina cutar wayar hannu, wayar kuma tana ba da haƙuri.

Yaya bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"A cikin cin da na yi, nawa ne nawa?"

Na buɗe baki in ce wasu, sai na ga wata ƙaryar ce ke tahowa. "Babu ko ɗaya."

Ya jinjina kai. "Har mai shayi na kira."

"Yaya, ganin yadda ka damu ne. Ka daina cin abinci. Na ce ko..."

"Na sani. Tausayina ka ji." Ya juya sandar a hannunsa. "Shi wannan da ke cikin waya, ya doke ni sau goma sha ɗaya, bai taɓa raina ni ba. Kai ne ka duba ka ga yayanka bai isa ya ji gaskiya ba."

Na kalli allon, ga dodon nan a fadama inda na ajiye shi.

"Mayar masa da dodonsa kan gada," ya ce. "Ka gaya masa abin da ka yi. Da bakinka, ina ji."

Na sunkuya kan wayar, a gaban 'yar da na goya tana jaririya, na ce ni ne na yi ta sauya allon, babu kuskuren da ya yi. Ɗan Waya ya ce ba komai, ya gode da na faɗa, ko za mu ci gaba daga gada? Wannan "ba komai" ɗin ya fi mari ciwo.

Suka ci gaba. Ina matsa musu. A zagaye na shida ganuwar Yaya ta faɗi. Ya ce, "Madalla, wannan faɗuwar tawa ce." Ya tambayi Ɗan Waya inda ya yi sake, suka yi ta bayani kusan rabin awa, ni ina zaune a gefe ban taka keke ko sau ɗaya ba.

Da yamma ta yi na rufe shago. Nas ta wuce tasha, na kama hannun Yaya muka bi ta gaban kantin magani zuwa babban titi. Na duba dama, na duba hagu, babu komai sai wani mai keke can nesa.

"Taho, Yaya, ba mota."

Bai taho ba. Ya tsaya a bakin kwalta, hannunsa cikin nawa, ya karkata kai dama ya saurara, ya karkata hagu ya saurara. Na tsaya ina jiransa har ya gama, sannan ya ɗaga ƙafa.